Ƙarambau Biyu a Gidan Alhaji Sada

Sau biyu ƙarambau ya shiga gidan Alhaji Sada a bazarar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kuma wallahi in ka ga tarbar da aka yi masa karon farko da wadda aka yi masa karo na biyu, sai ka rantse ba ciwo ɗaya ba ne.

Karon farko Sadiya ya kama, autar matarsa Hajiya Sabuwa, 'yar shekara biyar. Ƙuraje uku kacal suka fito mata a ciki, amma kafin azahar Alhaji ya bar 'yan siyasarsa zaune a ƙofar gida, ya saka ta a mota sai asibitin kuɗi can wajen GRA. Suka dawo da kwalba biyu, ƙarama ta sha don zazzaɓi, da babba mai ruwan hoda ta shafawa. Likita ya ce a yanke mata farce, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi safe da yamma, a ba ta ruwa ta sha sosai, a bar ta inda iska ke shiga.

To wa zai yi wannan hidima? Safara'u mana, wa kuma?

Safara'u matar ƙanin Alhaji ce, marigayi Yahaya, wanda mota ta kaɗe bara a hanyar Batagarawa. Da ta fita takaba aka ce mata in ƙauyensu take son komawa hanya a buɗe take, amma ɗiyarta Rukayya ta gidan ce, ba inda za ta. Rukayya kuwa shekararta uku, ita kaɗai Allah ya bar mata. Sai Safara'u ta zauna, ta zama ita ce shara, ita ce wanki, ita ce bakin murhu, ana kiranta ƙanwa a gaban baƙi.

Kwana tara ta yi tana jinyar Sadiya a falon Hajiya, ƙarƙashin fanka. Ita ke dafa ruwan wankan ta sirka shi, ita ke girgiza kwalbar ta tsiyaya a auduga ta bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya tana hura wa yarinyar iska. Rukayya na maƙale da zaninta duk inda ta yi, don ba mai riƙe mata ita. Sadiya ta warke tas, ko tabo ba ka gani sai ka ƙura ido. Maganin shafawar ya rage fiye da rabi, Hajiya ta ɗora shi saman sif ɗinta.

Mako biyu bayan nan, ranar wata Lahadi, Rukayya ta tashi da jiki zafi rau. Da Safara'u ta ɗaga mata riga sai ga su nan a ƙirji da baya, 'yan ƙuraje masu ruwa. Gabanta bai ma faɗi sosai ba, don ta san ciwon, ta san maganinsa, ta kuma san inda maganin yake ajiye. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta yi sallama ɗakin Hajiya.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne makon. Alhaji Sada ya ci kujerar kansila, ranar Asabar mai zuwa za a rantsar da su, gidan kuwa tun daga lokacin ya koma kamar tasha. Maza a rumfar ƙofar gida, matan manya a falo da yaransu, kowa kuma sai ya ci ya sha.

Hajiya ta leƙa bayan yarinyar daga nesa, ta ja da baya tana toshe hanci da gefen mayafi. Ta ce wannan ciwon ai shi ake ce wa baƙo, kuma kowa ya san yadda ake yi da baƙo tun iyaye da kakanni: ba a kai shi asibiti, allura na taɓa shi zai koma ciki ya yi kisa, ba a sa masa ruwa, ba a bari iska ta buge shi. A kai ta ɗakin ajiya a rufe, kwana bakwai zai yi ya tafi abinsa.

Safara'u ta ce, "Hajiya, ai Sadiya an kai ta."

"Sadiya daban," in ji Hajiya. "Jikinta ya saba da maganin asibiti tun tana ciki. Taki ɗiyar jinin ƙauye gare ta, abin da ya karɓi wani ba shi ke karɓar wani ba. Kuma ki ji da kyau, hannun da ya taɓa ƙuraje ba zai taɓa mani tukunyar baƙi ba. Ki gan ta da asuba, ki gan ta bayan magariba, ki wanke hannu da toka. Tsakani kuwa aiki ne."

Ɗakin ajiyar na can ƙuryar gida, bayan madafa. Rufin kwano ne ba silin, taga ɗaya 'yar mitsitsiya da aka toshe da buhu. Buhunan shinkafa da na gero ne a ciki, da gawayi, da tsofaffin tukwane. Wanda ya san zafin Katsina a watan Mayu ya san abin da kwano ke yi wa ɗaki da tsakar rana. Babba ma in ya shiga ɗebo hatsi da gudu yake fitowa. Nan aka shimfiɗa wa Rukayya tabarma aka ajiye mata kofin ruwa.

Ranar farko ba a sa kwaɗo ba. Yarinya ce, ta ture ƙofar ta fito tsakar gida tana kuka tana neman uwarta, daidai lokacin da wasu matan manya ke shigowa da kwalliyarsu. Hajiya ta yi dariyar yaƙe ta ce ai ɗiyar mai aiki ce, zafi ya feso mata. Baƙin na fita aka kawo kwaɗo, makullin ya koma haɓar zanin Hajiya.

Daga bakin murhu Safara'u na jin komai. Tana tuƙa tuwo tana jin "Inna, buɗe," tana tace shinkafa tana jin "Inna, ƙaiƙayi." Akwai 'yar tazara a ƙasan ƙofar, ta nan Rukayya ke zuro yatsunta. In Safara'u ta je ɗebo itace sai ta durƙusa kamar mai gyara takalmi, ta kama yatsun nan ta matse, ta ce ga ta nan, yanzu za ta zo. Ƙarya take yi wa ɗiyarta, ta kuma san ƙarya ce, abin na cin ranta kamar ta kurma ihu.

Talata da asuba da aka buɗe mata, ta tarar ƙurajen sun rufe fuska da wuya har cikin gashi. Yarinyar ta sosa bayanta da bango, ta sosa da buhu, wasu sun fashe, ƙurar gawayi ta manne a kai. Safara'u ta sa haƙori ta gutsure mata farce, ta yage gefen tsohon zani ta naɗe mata hannuwa. Sannan ta waiga, ba kowa, ta jiƙa tsumma da ruwan butarta na alwala ta goge mata jiki. Rukayya ta yi ajiyar zuciya ta lafe a ƙirjinta.

Da hantsi Hajiya ta shiga auno shinkafa ta ga tabarmar da lema. Ran nan unguwa ta ji muryarta. Ta ce ga irinta nan, ana faɗa wa mutum ilimin manya yana yin na kansa. In wani abu ya sami yarinyar nan kowa ya shaida uwarta ce ta sa mata ruwa. Daga ranar butar ma sai a waje Safara'u ke barinta kafin ta shiga.

Duk da haka da yamma ta sake komawa, ta durƙusa a bakin ƙofar falo. Ta ce ta haƙura da asibitin, ta haƙura da wankan, ragowar maganin Sadiya kawai take roƙo, ko cikin murfi ne a tsiyaya mata. Hajiya na zaɓen atamfar da za ta sa ranar Asabar, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce maganin likita ba goro ba ne da za a yi ta rabo. Sunan Sadiya aka rubuta a jikin kwalbar, in aka shafa wa wani ya ɓaci wa zai ɗauki alhaki? Kuma ma wa ya sani ko ciwon zai dawo wa Sadiya.

Daga inda take durƙushe Safara'u na hango kwalbar saman sif, tsakanin kwalaben turare.

Asabe, makwabciyar da aka ɗauko taya girki, ita ce ta ji tausayinta. Ta kawo mata farar ƙasa a ƙulle a leda, ta ce ta kwaɓa ta shafa mata, aƙalla zai rage zafin. Ta kuma ce da ita a hankali, ta daina bin ta kan Hajiya, ta tari maigidan da kansa, ai ɗiyar ƙaninsa ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Laraba da safe Safara'u ta tsaya a soro har Alhaji ya fito, babbar riga na ta ƙamshi, mutane na jiransa a waje. Ta zube ƙasa ta gaishe shi, ta ce Yaya Alhaji, Rukayya ce jiki ya yi tsanani, ko abinci ba ta karɓa.

Ya ce subhanallahi, Allah ya sawwaƙe, yana duba agogo. Ya ce harkar yara ai Hajiya ce ta sani, kada ta tsallake ta. Da Safara'u ta ce mota kawai take roƙo, rabin sa'a, sai fuskarsa ta canza. Ya ce su mata ba su san lokaci ba. Motar yanzu ba tasa ba ce, ta jama'a ce, ga masu kai katin gayyata, ga masu ɗauko kujeru. Sannan ya sassauta murya, irin ta kan dandamali.

"Ki yi haƙuri zuwa Asabar, Safara'u. Mulkin soja ya ƙare. Bari dai a rantsar da mu, asibiti ma a unguwar nan za mu gina shi, marayu kyauta."

Ya sa kai ya fita, ta ji 'yan rumfa sun ɗauki sowa.

Alhamis ƙurajen baya suka haɗe suka zama gyambo, suna fitar da mugunya, farar ƙasar ta dunƙule a kai. Ɗakin ya soma wari. Safara'u ta gaya wa Hajiya, Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ai dafin ne ke fita, haka ake so. Ta sa aka kwashe buhunan shinkafa aka mayar wani ɗaki don kada warin ya kama su. Shinkafa dai an cece ta.

Juma'a Rukayya ta daina kiran Inna. Safara'u ta je ɗebo itace sau uku, sau uku tana durƙusawa, ba yatsu a ƙasan ƙofa. Ta kara kunne ta ji numfashi sama-sama. Bayan magariba da aka buɗe, kofin ruwan na nan yadda ta bar shi, leɓen yarinyar ya tsattsage, cinyarta ta dama ta kumbura ta yi ja tana sheƙi. Ta ɗiga mata ruwa da yatsa, ya gangaro ta gefen baki.

Ta fito ta sami Hajiya a tsakar gida ana yi mata lalle. Ba ta durƙusa ba wannan karon. Ta ce za ta kai ɗiyarta asibiti da ƙafarta, ba ta neman motar kowa. Hajiya ta ce gobe mutum ɗari biyar za su ci abinci a gidan nan, wa zai tsaya kan tukwane? Kuma ta tuna, yarinya ba tata ba ce ita kaɗai, ta gidan ce. In ta gaji da zama ta kama hanyar ƙauyensu, amma ɗiya ba ta fita sai da izinin maigida. Jibi Lahadi, in Allah ya kai mu, kwana bakwai sun cika, za ta ga yadda zai bushe.

Safara'u ta koma bakin murhu. Tsoro ne ya mayar da ita, ba haƙuri ba, tsoron kada a kore ta a raba ta da yarinyar gaba ɗaya. Wannan komawar ita ce abin da ba ta taɓa yafe wa kanta ba.

Asabar tun da asuba aka hura wuta takwas. Hajiya ta ce yau ba buɗe ƙofa, ba lokaci. Ta ci ado ta bi ayarin motoci zuwa wajen rantsuwa, makulli na haɓar zaninta. Rediyon makwabta na ta kawo bikin miƙa mulki, makaɗa na gwada ganguna a ƙofar gida. Rana ta ɗaga, kwanon ɗakin ajiya ya soma ƙara don zafi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Safara'u ta je ta kara kunne. Shiru. Ta kira sunan yarinyar, ta sake kira, ta kwanta a ƙasa ta leƙa ta tazarar. Ƙafa ɗaya ta hango, ƙudaje na kai, ba ta motsi.

Ba ta san lokacin da ta ɗauko taɓarya ba. Duka biyu ta yi wa kwaɗon, na uku ya tafi da maratayinsa. Matan girki suka yi cirko-cirko. Ta suri Rukayya, jikin kamar garwashi, kai na lilo. Ta goya ta, ta ja mayafi. Asabe ta bi ta har soro ta damƙa mata kuɗin kabu-kabu, ta ce ta yi sauri, tukunya ta ƙone in ta ga dama. Safara'u ta ratsa ta tsakiyar maza a rumfa ba ta ce wa kowa sannu ba.

Hanya duk ta cushe da motocin murna da tutoci. Ɗan kabu-kabun ya ji warin, ya waiga ya ga ƙafar yarinyar, sai ya dinga kurɗawa ta lunguna har asibitin gwamnati.

Ma'aikaciyar jinyar da ta kwance goyon ta yi salati. Ta ce su dai mutanen ƙauye ba sa kawo yaro sai ya zama gawa. Ƙarambau da ake maganinsa da wanka da ɗan abin shafawa shi ne aka bari ya zama haka? Ba ta da sabulu ne a gidansu? Me Safara'u za ta ce? Ta ce ta sani, da hannunta ta yi wa ɗiyar wani?

Likitan saurayi ne, ya yi magana a hankali. Ya ce ƙarambau shi kaɗai da wuya ya yi kisa. Gyambon ne ya ɗauki datti har cuta ta shiga jini, ga ƙishirwa ta busar da yarinyar. Da kwana uku baya aka kawo ta, da magana ce mai sauƙi. Za su yi iya yinsu. Suka yi ta neman jijiya har suka samu a kai, aka sa ruwa, aka yi allura.

Safara'u ta zauna a bakin gado riƙe da yatsun nan da take kamawa ta ƙasan ƙofa. Yau ba ƙofa tsakaninsu, ga fanka na juyawa a sama. Ana kiran la'asar Rukayya ta buɗe ido sau ɗaya ta dube ta, ta mayar ta rufe. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi faɗa ɗazu ita ce ta zo ta zare robar ruwan, tana share hawaye da bayan hannu.

Kafin magariba aka kai ta makwancinta. Ba a ma sha wahalar shiri ba, tunda ga rumfa a kafe, ga kujeru, ga jama'a, ga abinci. Waɗanda suka zo murna suka juya suka yi ta'aziyya. Washegari ma haka. Daga cikin gida Safara'u na jin wani mai babbar murya yana yabon sabon kansila, yana cewa a tambayi unguwa wa ya riƙe marainiyar ƙaninsa kamar ɗiyar cikinsa har Allah ya karɓi abinsa.

A falo mata sun cika, Hajiya Sabuwa a tsakiya da carbi, ido jawur. Safara'u na rakuɓe a bakin ƙofa, wurin da ta saba durƙusawa. Wata tsohuwa ta tambayi abin da ya sami yarinyar. Hajiya ta ja dogon numfashi.

"Baƙo ne, Inna, har ya kusa tafiya, kwana ɗaya ya rage. Ba yadda ban yi da uwar ba. Na ce kada ta sa mata ruwa, ta sa. Na ce kada ta kai ta asibiti, ta fasa mani ƙofa ta kai ta. Suna yi mata allura ko la'asar ba ta wuce ba."

Matan suka girgiza kai. Wata ta ce ai an sha faɗa, allura da ƙarambau ba sa haɗuwa. Wata ta ce ƙuruciya ce, Allah ya yafe mata. Wata mai goyo ta ƙara gyara goyonta, ta ce ita kam ta ɗauki darasi, ko me zai fito wa nata ba mai ganinta a asibiti. Asabe na gefe ta buɗe baki, ta dubi Hajiya, sai ta mayar da kai ƙasa.

Ana cikin haka Sadiya ta shigo da gudu da 'yar tsana a hannu, fatarta sumul, ta faɗa cinyar uwarta. Matan suka shafa kanta suna cewa tubarkalla.

Safara'u ta miƙe. Ta ratsa ta cikinsu har gaban sif, ta yi ɗage ta sauko da kwalbar. Ruwan ya kwanta, hodar ta taru a ƙasa. Ta girgiza ta yadda ta saba, ta ajiye a kan darduma a gaban Hajiya, sunan Sadiya na kallon jama'a, da sunan asibitin a sama.

"Ga shi nan, Hajiya, ko ɗigo ban taɓa ba," in ji ta. "Kun ce in na tashi tafiya in bar maku ɗiyarku. To na bar maku ita."

Tsohuwar da ta yi tambaya ta ɗauki kwalbar tana juyawa, don ba ta iya karatu ba, ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce a karanta mata. Hajiya ta yi wuf ta karɓe ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce a yi wa Safara'u uzuri, zafin rashi ne ya taɓa mata kai.

Safara'u ba ta tsaya ji ba. Ta shiga ɗakinta ta ƙulle kayanta a zani ɗaya, ta bi ta gaban ɗakin ajiya, inda tuni aka gyara maratayin kwaɗon aka mayar da buhunan shinkafa. Ta fita ta soro, ta wuce rumfar da ake ta yi wa Alhaji addu'ar Allah ya ƙara masa tausayin marayu, ta miƙi hanyar tashar Batagarawa. Sai da ta yi nisa ta lura tun daga gida hannunta ɗaya na baya, yana tallabe da goyon da babu.